Tarihin Fis: Ɗan Ƙarfen Da Ke Mutuwa Don Mota Ta Rayu

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar mota ran kasuwa ya san wannan labari. An taso bayan magariba, mota ta cika da mutane da buhunan hatsi da awaki. Ana cikin tafiya sai fitilu su ɗauke gaba ɗaya. Direba ya taka birki yana salati. Karen mota ya diro, ya haska tocila ƙarƙashin sitiyari, ya ciro wani ɗan abu da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya ce fis ya ƙone. In babu wani a ajiye, sai ya nemi takardar kwalin taba mai ƙyalli, ko guntun waya, ya naɗe shi ya mayar. Fitilu su kawo, kowa ya ce yaro ya iya aiki.

Gaskiyar magana, yaron nan bai gyara komi ba. Mai gadi ya kora daga bakin ƙofa, alhali ɓarawo yana cikin gida. Motoci da yawa sun ci wuta ta haka, da kayan mutane, wani lokaci har da rai. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo maku tarihin wannan ɗan abu, wanda wasu ke ce ma fis, wasu kuma fizibil: inda ya fito, yadda ya shiga mota, da dalilin da ya sa masu tsofaffin motoci ke canza akwatinsa su sa sabon samfuri.

Mene ne fis?

Ku dubi yadda mai lambu ke ban ruwa. Akwai rijiya, akwai magudana, akwai fangaloli. Haka kuran yake a mota. Batir shi ne rijiya, wayoyi su ne magudanai, fitilu da oda da rediyo su ne fangalolin da ke sha. Ƙarfin turin kuran ana auna shi da bolt. Yawan kuran da ke gudu cikin waya kuwa ana auna shi da amfer.

Kowace waya tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. In kuran ya fi ƙarfinta sai ta yi zafi. Yawanci abin da ke kawo haka shi ne robar da ke rufe waya ta saɓule, jan ƙarfen ciki ya taɓa jikin mota. Nan take kuran zai kwararo daga batir ba iyaka, waya ta yi ja, roba ta narke, wuta ta kama. Ga shi kuma mai da tsumma da kujerun soso suna kusa.

Fis wani siririn ƙarfe ne da ake sawa a kan hanyar kuran. Da gangan aka yi shi mara ƙarfi. In kuran ya wuce lambar da aka rubuta a jikinsa, sai ya narke ya tsinke, hanya ta yanke tun waya ba ta yi zafi ba. Ashe ke nan rauninsa shi ne amfaninsa. Wanda ya ce zai ƙara ma fis ƙarfi, ya ɓata shi ne.

Tun kafin a ƙera mota

Fis ya girmi mota. Asalinsa daga wayar tangaraho ne, wadda ake aika saƙo da ita daga gari zuwa gari. Da damina tsawa takan faɗa ma wayar, ta biyo ta har cikin ofis ta ƙone na'urori. Wajen shekarar 1847, wani masani Bafaranshe mai suna Louis Breguet ya ba da shawara a riƙa sa ƴar siririyar waya a inda babbar waya ke shiga ɗaki. In tsawa ta zo, siririyar ce za ta narke, sauran kaya su tsira.

Bayan haka sai aka fara kai lantarki cikin gidaje. A shekarar 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar ba da wuta a birnin New York na ƙasar Amurka. Mutane suna tsoron gobara, kuma suna da gaskiya. Saboda haka aka riƙa sa guntun ƙarfe mai saurin narkewa, irin su dalma, a kan hanyar wayoyin. A shekarar 1890 hukuma ta ba Edison takardar shaidar mallakar wata dabara ta mazaunin fis. Wannan mazauni shi ne kakan akwatin fis da muke gani a mota.

Yadda kuran ya shiga mota

Motocin farko ba su bukatar fis, domin kusan babu waya a jikinsu. Fitilunsu na kananzir ne, ko na kabaid irin wanda masu walda ke zuba ma ruwa ya ba da iska mai kamawa. In za a tada mota, sai mutum ya tsaya a gaba ya murɗa ƙarfe da hannu. Wani lokaci ƙarfen yakan juyo ya karya ma mutum hannu.

A shekarar 1912 motar Cadillac ta Amurka ta fito da injin tada mota na lantarki, wanda Charles Kettering ya tsara, tare da fitilu masu aiki da batir. A shekarar 1913 kamfanin Bosch na Jamus shi ma ya fitar da nasa tsarin fitilun mota. A Faransa, motar farko ta kamfanin Citroën, wadda ta fito a 1919, ta zo da fitilun lantarki da injin tadawa. Motocin wannan kamfani ne guda 8, masu sarƙa a baya maimakon taya, suka ratso Sahara a ƙarshen shekarar 1924, suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram, suka nufi tafkin Cadi. Ke nan tun lokacin da kakanninmu suka fara ganin mota, batir da waya sun riga sun shiga cikinta.

Da batir ya shigo, haɗarin gobara ya biyo shi, sai fis ya biyo bayansu.

Shekaru da yawa batirin ƙananan motoci bolt 6 ne. Daga shekarun 1950 aka fara komawa bolt 12, ko da yake wasu sun makara, kamar Volkswagen da ta kai wajen 1967 kafin ta koma. Manyan kamyo masu shan gazuwal kuwa da yawansu bolt 24 ne. Dalilin canjin yana da sauƙi. Ƙwan fitila mai wat 45 yana jan amfer 7 da rabi a mota mai bolt 6, amma a mai bolt 12 bai kai amfer 4 ba. In kuran da ke gudu ya ragu, waya ba ta wahala. Daga shekarar 1960 kuma aka fara maye tsohon dinamo da sabon injin cajin batir wanda ya fi ba da kuran, ko da mota tana tsaye inji yana aiki a hankali.

Iri uku na tsohon fis

A wancan zamani kowace ƙasa da irin nata fis.

Amurkawa suna sa na kwalba: ƴar kwalba ce siririya mai hular ƙarfe a kowane kai, ana hango zaren ƙarfen a ciki. Motocin Japan na da su ma irinsa suka ɗauka. Kyansa shi ne da ido za ka ga ko ya tsinke. Aibinsa kuwa, kwalba ce, tana fashewa wajen cirewa, kuma lambar tana a kan hular ƙarfe, in ta yi tsatsa ba ta karantuwa.

Jamusawa suna da nasu, wanda ake ce ma samfurin Bosch. Ɗan tangaran ne mai tsini a kai biyu, tsawonsa milimita 25, kaurinsa 6, ƙarfen yana kwance a bayansa a fili. Ƙarafa biyu masu lanƙwasa ke matse shi. Shi ne a tsofaffin Mercedes da Volkswagen.

Turawan Ingila kuma suna da na kamfanin Lucas, wanda ke cikin tsofaffin Land Rover. Shi ma kwalba ne, da ƴar takarda a ciki mai lamba. Motocin Ingila da yawa na wancan lokaci fis biyu kacal gare su, kuma fitilun gaba ma sau da yawa ba su bi ta kan fis ko ɗaya ba.

Duk waɗannan motoci sun yi aiki a ƙasarmu, tare da kamyo Berliet da motocin Peugeot. Peugeot 404 ta fito a 1960, bashe ɗinta mai ɗaukar kaya kuma a 1967. Ta yi suna a Afirka domin ta ci tseren Safari na Afirka ta Gabas sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. An daina ƙera ta a Faransa, amma aka ci gaba da haɗa ta a Kenya har 1991. Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, kuma a 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Waɗannan motoci an yi su ne don aiki kaɗan na kuran: fitilu, oda, abin share gilas, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka akwatin fis ɗinsu ƙarami ne, fis ɗaya yana gadin abubuwa da yawa.

Shekarar 1976

Wani kamfani na birnin Shikago a Amurka, mai suna Littelfuse, wanda aka kafa a 1927, shi ya kawo canjin da muke mora har yau. A shekarar 1976 ya fitar da fis mai ƙafa biyu. Kun san shi: ɗan roba ne mai launi, da ƙafafu biyu masu faɗi da ake cusawa cikin rami.

Wannan samfuri ya magance cututtuka uku. Na farko, ƙafafunsa suna shiga rami su kama da kyau, gargadar hanya ba ta fidda shi. Na biyu, ƙarfen da ke narkewa yana rufe cikin roba, kuma ana hango shi. Na uku, lambarsa tana rubuce a sama da manyan baƙaƙe, ba sai an ciro shi ba. Ga shi kuma bai cin wuri, ana iya jera da yawa a ɗan akwati. Cikin shekarun 1980 kamfanonin mota suka koma kansa, na Amurka da na Turai da na Japan. Daga baya aka yi masa ƙanne ƙanana da yayye manya. Motar yanzu tana iya ɗaukar fis fiye da 40.

Abin da ya sa tsohon akwati ke gazawa

Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohuwar mota in an kula da ita tana ciyar da gida, kuma makanikan garuruwanmu sun san cikinta sarai. Amma akwatin fis ɗinta yana tsufa ta hanyar da ido bai cika gani ba.

Ƙarafan da ke matse fis suna saki saboda shekaru da girgizar hanya. Ƙurar hunturu da laimar damina suna sa masu tsatsa. Inda ƙarfe bai kama ɗan uwansa da kyau ba, nan zafi ke taruwa, ko da kuran bai wuce ƙa'ida ba. Shi ya sa za ka ga fitila tana kawowa tana ɗaukewa, sai an murza fis da yatsa. Samfurin Bosch na da tangaran ne mai jure zafi, amma da yawa daga cikin na kasuwa yanzu roba ne, in ya ji zafi sai ya lanƙwashe ya ƙara sakin.

Sa'an nan mu da kanmu mun ƙara ma motocin kaya. An sa rediyo da manyan sifika, an ƙara fitilu a kan rufi, an sa fanka, an sa wurin cajin salula. Yawanci a kan wata tsohuwar waya ake ɗaura su, ko a ja su kai tsaye daga batir ba fis. Jaki ɗaya ne aka ɗora ma kayan jakai uku. In fis ya fara ƙonewa, sai a sa wanda ya fi shi lamba, in shi ma ya ƙone a sa waya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Yadda ake canza akwatin

Canza akwatin fis ba aikin tsada ba ne in an gwada da asarar mota. Amma a kai ma mai gyaran wayoyin mota wanda ya san aikinsa, kuma mai mota ya tsaya ya gani. Ga abubuwan da za a lura da su.

Da farko a cire kan batir wanda ke haɗe da jikin mota. A yawancin motoci shi ne mai alamar ragi. Wasu tsofaffin motocin Ingila na kafin tsakiyar shekarun 1960, mai alamar ƙari ne ke haɗe da jiki, saboda haka a duba tukuna.

Kafin a kwance waya ko ɗaya, a ɗaura ma kowace ƴar takarda a rubuta aikinta: fitilar dama, fitilar hagu, oda, birki, sigina. A lura kuma da waɗanda ke da kuran kullum, da waɗanda sai an murɗa makulli. Kada a gama su wuri ɗaya, in ba haka ba batir zai riƙa mutuwa cikin dare.

A sayi akwati mai ramuka fiye da na tsohon, mai murfi, a kafa shi inda ruwa da zafin inji ba su kai. Amfanin ramuka masu yawa shi ne a raba aiki. In fitilun gaba biyu suna kan fis ɗaya, ranar da ya ƙone duhu ne gaba ɗaya, mota tana gudu. In kowace tana da nata, ɗaya za ta kai ku gida.

Lambar fis da lissafi ake samunta. A raba wat ɗin abu da bolt ɗin batir, abin da ya fito shi ne amfer. Misali, ƙwan fitila mai wat 55 a mota mai bolt 12 yana jan amfer 4 da rabi da ƴan kai. Fis mai lamba 10 ya ishe shi. Ƙa'ida ita ce lambar fis ta ɗan fi abin da kayan ke ja, amma kada ta kai iyakar abin da wayar ke iya ɗauka. Ku riƙe wannan: waya fis yake gadi. Sabon akwati bai ƙara ma tsohuwar waya kauri ba. Wayar da robarta ta bushe tana farfashewa, a canza ta. Abu mai jan kuran da yawa, kamar ƙarin fitilu, a ja masa sabuwar waya mai kauri da fis nasa, a sa masa rile, wato ɗan makunnin da ke ɗauke ma makunnin direba nauyi.

Babbar wayar da ke kawo kuran daga batir zuwa akwatin, ita ma a sa mata babban fis kusa da batir. Wannan bai shafi wayar injin tada mota ba, ita dabam take. Kan kowace waya a matse shi da ƙarfensa na musamman. Murɗa waya da hannu a naɗe da leda ba haɗi ba ne. Inda waya ta ratsa ƙarfen jikin mota, a sa mata zoben roba don kada ya yanke ta.

In an gama, a mayar da batir, a sa fis ɗaya bayan ɗaya ana gwada kowane abu. A bar fitilu a kunne ɗan lokaci, a taɓa akwatin a ji ko ya yi zafi. A rubuta aikin kowane rami da lambarsa a manna cikin murfi.

Tarko biyu

Akwai wuri biyu da ko gwanaye ke faɗawa.

Na farko launi ne. Tsohon samfurin Bosch da sabon mai ƙafa biyu duk suna da launi, amma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. A tsohon, rawaya amfer 5 ne, fari 8, ja 16, shuɗi 25. A sabon kuwa, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ku duba da kyau. Wanda ya cire tsohon rawaya ya sa sabon rawaya, ya sa 20 a wurin 5, ya ninka har sau huɗu. Siririyar wayar da ke bayansa za ta iya ƙonewa fis yana nan lafiya lau. Saboda haka lamba ake karantawa, ba launi ake bi ba.

Na biyu ya shafi masu Land Rover da sauran motocin Ingila. Lambar da ke kan fis ɗin Lucas, lambar da yake narkewa ce nan take, ba wadda yake ɗauka kullum ba. Wanda aka rubuta ma 35, abin da yake ɗauka kullum wajen amfer 17 ne. In za a maye shi da sabon samfuri, 15 ko 20 za a nema. Wanda ya sa 35 ya bar wayoyinsa ba mai gadi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A ƙarshe

Daga 1847 zuwa yau siffar fis ta canza sau da yawa: siririyar waya, dalma, kwalba, tangaran, roba mai ƙafa biyu. Aikinsa dai yana nan yadda yake, shi ne ya narke kafin waya ta kama wuta. In ya ƙone sau ɗaya, a sa wani mai lamba irin tasa. In sabon ma ya ƙone, to akwai ciwo a waya, a nemo shi kafin a ci gaba da tafiya.

Direbobi, ku ajiye fis na kowace lamba a aljihun mota, kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba. Ku kuma fasinjoji, in kun ga ana naɗa takardar taba ko waya a wurin fis, ku yi magana, domin ranku da dukiyarku suna cikin motar. In kuka ji warin roba na ƙonewa, ku ce a tsaya, kowa ya sauka, a cire kan batir.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.